Takabar da Ta Ƙi Ƙarewa

Telaga Rhu, Terengganu
9 ga Jumada Ula, 1417

Zuwa ga ƙanwata Rosnani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Harun da yara. Ya shago, ya jama'ar Johor? Allah Ya sa albarka.

Nani, na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki alƙalami. A wayar kantin Pak Him ba na iya faɗa miki, kunnuwa sun yi yawa a wurin, shi ya sa duk sanda kika tambayi jikin mahaifiyarmu Mak nake cewa da sauƙi. Allah Ya yafe mini, babu sauƙi.

Mantuwar Mak ta wuce ta ajiye cokali a buhun shinkafa. Tun bayan Babbar Sallah ta fara mance cewa Ayah ya rasu. Ran farko da safe ne. Ta dafa gahawa kofi biyu, ta zauna a bakin ƙofa, can ta kira ni da laƙabina na babbar 'ya ta ce, "Long, babanku bai dawo ba? Gahawarsa ta huce." Na ce, "Mak, Ayah ya rasu, shekara shida ke nan." Ta dube ni kamar na mare ta. Kukan da ta yi, irin na ranar da aka fita da shi ne, ba ragi. Da ta gama ta tashi ta cire 'yan kunnenta da awarwaro, ta ɗaura tsohon zani, ta wanke kwalba ta ajiye a gefen katifa. Kin san yadda matan gidanmu ke lissafin takaba tun daga kan kakarmu: ƙwallon tsamiya ɗaya a kwalba kowace safiya, har su cika ɗari da talatin.

Sai ta yi mako biyu ko fiye tana jefawa, wata safiya ta wayi gari ta sake tambayarsa. In faɗa mata, ta yi kuka, ta juye kwalbar, ta soma daga ɗaya. Sau tara ke nan. Mafi nisan da ta taɓa kaiwa goma sha bakwai.

Abin da ya fi damuna, ta ƙi sauka daga gida. Wata biyar ƙafarta ba ta taka matakala ba, balle ƙasa. Na ce mata ko a littafi ba a hana mai takaba sauka tsakar gidanta ba. Ta ce, "Littafinki daban, na uwata daban." Ƙafafunta sun kumbura. Abinci loma uku take yi ta ture, wai mace ba ta cika ciki mijinta na kwana uku a kabari. Ma'aikaciyar jinyar da ke zagayowa ta ce in ba ta riƙa tafiya tana ci ba, kwanciya za ta yi, kuma irinsu in sun kwanta ba su cika tashi ba.

Na sallami yaran da nake koya wa karatu da yamma, na bar na safe kawai. Ba ƙorafi nake ba. Ni ma na yi takabar mijina Abang Mat Zin, na san nauyin kwanakin nan, kuma sau ɗaya na ɗauka. Mak ta ɗauka sau tara, da bakina kuma nake ɗora mata.

Ki ba ni shawara. Ki gaida Harun da yara.

Yayarki,
Zabedah

*

Johor Bahru
14 ga Oktoba, 1996

Kak Long,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai takardarki ta hana ni cin abinci, Harun har yana tambaya ko wani ya mutu.

Wata biyar, Kak Long! Wata biyar kina ce mini da sauƙi! To ashe kin iya ƙarya, ni ce kawai kika ga ta dace da ita.

Ke dai Ustazah ce, malama har a gaban tukunya. Tsohuwa ta tambaye ki mijinta, sai ki miƙe kamar mai ba da shaida a gaban alƙali? Ki ce ya tafi masallaci mana. Ki ce yana wajen abokansa suna gyaran raga. Kafin ta gama shan gahawa ta manta ta tambaya. Maƙwabciyarmu a nan surukinta haka yake, kullum sai ya nemi uwarsa da ta rasu tun zamanin mamayar Japan, su ce ta je kasuwa, ya koma ya yi barcinsa. Irin wannan ƙaryar ko mala'ikan hagu ba zai ɓata tawadarsa a kanta ba. In ma ya rubuta, ki ce ya zuba a littafina, akwai sauran wuri.

Na san ni ce na gudu birni na bar miki nauyi, ba sai kin faɗa ba, kuma na san ba za ki faɗa ba, shi ya fi ciwo. Da an ba yara hutun Disamba zan hau mota in zo. Ki ga yadda zan sauko da Mak a kwana biyu.

Ga zani nan mai furen ruwan goro na aiko mata, sabon shigowa ne. Na biyun naki ne, kada in ji kin ba wani.

Ki sumbaci hannun Mak a madadina.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Nani

*

Telaga Rhu
6 ga Rajab, 1417

Zuwa ga Rosnani,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, da zannuwan. Allah Ya saka da alheri. Mak ta shafa nata ta ce yana da kyau, ta ce in ajiye sai ta fita takaba.

Kin yi gaskiya a kan "da sauƙi" ɗin nan, na karɓi laifina. Shawararki kuma ban raina ba. Har gwadawa na yi ni kaɗai a madafa, ina kankare kwakwa ina cewa, "Ya tafi masallaci, Mak." Amma ranar da ta tambaya, da ta ɗago ido ta dube ni, harshena ya ƙi. Ba tsoron littafin hagu kaɗai ba ne, Nani. Yanzu komai ya zame mata baƙo. Takan tambaye ni ko wannan gidanmu ne, ko an yi Azahar, ko ta ci abinci, kuma abin da na faɗa shi take riƙewa. Ni ce kaɗai abin da ya rage mata wanda bai taɓa ruɗa ta ba. In na soma, ban san inda zan tsaya ba.

Na gwada wata hanya. Na ce, "Mak, kin riga kin yi masa takaba, kin gama tuntuni." Ta ce, "Yaushe? Miƙo kwalbar." Na miƙa, ƙwallo huɗu ne a ciki. Ta girgiza ta a kunnena ta ce, "Wannan ce ɗari da talatin? So kike in ci amanar babanku don kin gaji da ni?" Ban ƙara ba.

Mak Cik Som, ƙawarta, tana zuwa kusan kullum. Gwiwa ta hana ta hawa, sai ta tsaya a gindin matakala tana ɗaga murya. Jiya cewa ta yi, "Lijah! Sauko mana, kin maƙale a sama kamar kwakwa. Mijinki Deraman da yana raye ma bai samu rabin biyayyar nan ba." Mak ta leƙo ta ce, "Ji mai magana. Ke da kika yi takabar mijinki a kasuwar kifi." Som ta ce, "To da ƙwallon tsamiya zan ciyar da yara takwas?" Mak ta yi dariya, Nani, har da riƙe ciki. Na ce yau kam za ta sauka. Sai ta ja ƙofa ta rufe, ta yi ta istigfari don ta yi dariya.

Iska ta fara juyawa, maza sun soma janye jirage kan yashi. Ki zo da rigar ruwa. Allah Ya kawo ku lafiya.

Yayarki,
Zabedah

*

Telaga Rhu
20 ga Sha'aban, 1417

Zuwa ga Rosnani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Mak tana raye, tana gida, wannan na fara faɗa miki don hankalinki ya kwanta.

Safiyar da za ku tafi, kin tuna ta tambayi Ayah kina taje mata kai, kika ce, "Ya fita teku, Mak, sai yamma." Ina madafa, na ji ki sarai. Na yi shiru. Da na ga ta cinye shinkafarta har ta nemi ƙari, wallahi daɗi na ji, na ce a raina ƙanwata ta ɗauke mini abin da na kasa. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, mu biyu ne a ciki.

Shekara ashirin kina Johor, inda teku ba ya rufewa, kin manta a nan ba mai fita su a watan iska. Ni kuwa ba ni da wannan uzurin. Ina ganin jirage a kife a kan yashi, ban tuna cewa matar masunci ba ta manta watan da ake ciki ba, ko ta manta sunanta. Kuma a irin wannan watan ne yayanta Seman ya fita bai dawo ba, ko hularsa ba a gani ba.

Bayan kun hau mota iska ta taso da ruwa. Na ga tana ta leƙen taga, na ɗauka kewarki ce. Na tayar da La'asar, ina sallamewa na ga ƙofa a buɗe. Matakalar da ta yi wata takwas ba ta taka ba, ta bi ta ta sauka ita kaɗai, ba takalmi.

A bakin teku na same ta, ruwa na dukanta, tana bin jirage ɗaya bayan ɗaya tana duba sunayensu. Maza suna rumfa suna ɗinkin raga, ta je ta tsaya a kansu. "Wa ya bar Deraman ya fita? Ba ku da ido ne? Awang, kai ne abokinsa, kana zaune! Ku tura jirgi ku nemo mini shi!" Pak Awang ya tashi ya cire mayafin wuyansa ya rufa mata. Duk ni suka zuba wa ido.

A nan kan yashi na faɗa mata, a gaban kowa. Na ce, "Mak, Ayah ba ya teku. Ya rasu. Yana kwance a bayan masallaci." Na jira ihun da na saba. Sai ta kama hannuna ta ce, "An same shi ke nan? An yi masa wanka? An sa shi a ƙasa?" Na ce an yi duka. Ta ce, "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi." Sannan ta zube a kan yashi.

Sanyi ya shiga ƙirjinta, kwana shida muka yi a asibiti. Ban bari Pak Him ya kira ki ba don ban san me zan ce ba. Shekaranjiya aka sallame mu. Muna shiga ɗaki, tun ban ajiye jaka ba, ta juye kwalbar ta jefa ɗaya.

Gaskiyata ta kulle ta a ɗaki, maganarki ta kai ta bakin teku. Ban san ta uku ba. Ta rame ƙwarai, awarwaron da na gwada mata tana barci har gwiwar hannu ya wuce. Ki sa mu a addu'a, ga azumi ya ƙarato.

Yayarki,
Zabedah

*

Johor Bahru
19 ga Janairu, 1997

Kak Long,

Salam. Ya azumi.

Sau uku na fara takardar nan ina yagawa. Kada ki ce mu biyu ne, bakina ne ya faɗa. Na hau mota ina yi wa Harun alfahari, wai na gyara a kwana biyu abin da Ustazah ta kasa a wata takwas. Ni 'yar masunci, in ce mutum ya fita teku a Disamba. Ba zan zo Ƙaramar Sallah ba. Ba ni da idon da zan dubi Pak Awang, balle ke.

Amma akwai abin da ya faɗo mini, tun ranar yake cina. A takardarki ta Rajab kin ce Mak ta ce ki miƙo kwalbar ta gani. Kak Long, ba kya nan ranar da ta fita takabar gaske. Kina Kota Bharu kina jinyar Abang Mat Zin, ni na zo. Da safe Mak Cik Som ta yi mata wanka da ruwan lemon tsami a bakin rijiya, aka dafa shinkafa mai kurkur aka raba wa maƙwabta. Bayan mutane sun watse na ga Mak ta ɗauki kwalbar ta koma bayan rijiya, ta tona rami da wuƙar kifin Ayah, ta juye ƙwallayen duka ta rufe. Na ce, "Mak, ɗari da talatin a rami ɗaya? Daji za ki yi mana?" Ta ce, "Wadda Allah Ya so ta fito."

Tsamiyar nan ta bayan rijiya, wadda kike ɗaure igiyar shanya a jikinta, ita ce. Na san kin ɗauka da kanta ta tsiro, don kin dawo gida kin tarar da ita ta kai ƙugu.

Ban san ko zai yi amfani ba, kuma bayan abin da na yi ba ni da bakin ba da shawara. Amma Mak ba ta taɓa kuskuren shekarun bishiya ba. Kin tuna yadda take tsayawa a gonar mutane ta ce wannan kwakwar shekararta bakwai, mai gona ya ce haka ne?

Ki yafe mini. Ki ce da Mak ta yafe mini, ko ba ta san na me ba.

Nani

*

Telaga Rhu
11 ga Shawwal, 1417

Zuwa ga ƙanwata Rosnani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu. Na yafe miki zahiri da baɗini, ke ma ki yafe mini. Wurinki a kan tabarma ya zauna babu kowa ranar Sallah, ban ji daɗi ba.

Da na karanta takardarki na sauka na je na tsaya a gindin tsamiyar. Shekara huɗu ina shanya wanki a jikinta. Na kwance igiyar.

Na je na tambayi Mak Cik Som, don ban so in faɗa wa Mak abin da ban tabbatar ba. Ta dafe kai ta ce, "Kai, tsufa! Ni ma kwalba za ku nemo mini. Ba ni na riƙe mata fartanya ba?" Na ce Nani ta ce wuƙa ce. Ta ce, "Nani uwata ce? To wuƙa ce."

Muka jira. Ran sha tara ga azumi da hantsi Mak ta tambaya. Na faɗa mata gaskiya kamar kullum, ta yi kukanta, na bar ta ta yi. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki kwalbar sai na riƙe hannun na ce, "Mak, zo ki ga wani abu tukuna." Na kai ta tagar madafa na buɗe. Na riga na aika an kira Som, tana tsaye a gindin bishiyar da sandarta.

Na ce, "Ga kwalbarki can. Kin cika ɗari da talatin, kin binne su da hannunki, ga abin da ya fito."

Som ta ɗaga murya. "Ni na zuba miki ruwan lemon tsami a ka, Lijah, kina ta mitar ya shiga miki ido!"

Mak ba ta kula ta ba. Bishiyar take kallo, daga gindi har sama. Ta daɗe. Can ta ce, "Daga nan ba a ganewa. Riƙe ni."

Matakala tara ce a gidanmu, ban taɓa ƙirgawa ba sai ranar. A kowace sai ta huta. Da muka isa ta zagaye kututturen da tafin hannunta biyu, ta ɓantari ɓawon da farce, ta ɗaga kai ta dubi rassan. Ta ce, "Shida. Ba ta kai bakwai ba." Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Shekara shida Deraman yana kwance?" Na ce eh. Ta jingina goshinta da bishiyar ta yi kuka, amma ba irin wancan ba, Nani. A hankali, irin na wanda ya je ziyarar kabari. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ashe na sauke." Ta juya ta dubi Som ta ce, "Ke kuma kin tsufa." Som ta ce, "Ke aka bari yarinya."

Da muka hau ta nemi 'yan kunnenta. Zaninki ta ɗaura ranar Sallah.

Kada ki ɗauka ta warke. Sau uku ta sake tambaya tun ranar, kuma kowane karo mutuwar sabuwa ce a minti na farko, wannan ba ni da maganinsa. Amma yanzu na san inda zan kai ta, kuma bishiyar ba ta taɓa ba ta wata amsa daban ba. Tana ci. Kullum da safe muna sauka har rijiya mu dawo. Kumburin ya ragu.

Ke kika kawo wannan, ki riƙe shi tare da wancan na bakin teku. Pak Awang yana gaishe ki, ya ce yaushe za ki zo ki ci kifinsa.

Yayarki,
Zabedah

*

Telaga Rhu
2 ga Zulhajji, 1417

Nani,

Assalamu alaikum. Muna lafiya gwargwado.

Yau kwana talatin da ɗaya Mak ba ta tambayi Ayah ba. Gahawa kofi ɗaya take cewa in dafa. Shekaranjiya na nuna mata hotonsa na jikin bango, ta ce mutumin yana da fuskar kirki, ɗan wane gida ne?

Shekara guda ina roƙon Allah ta daina tambaya. Ya amsa. Yanzu ni ce nake tsayawa da safe ina jira.

Har yanzu muna sauka. Jiya ta zauna a inuwar tsamiyar ta ce, "Wa ya shuka wannan?" Na ce, "Ke ce, Mak." Ta ce, "Don me?" Na buɗe baki, sai na ga ta riga ta koma kallon kaji. Na bar ta.

Kwalbar na wanke na zuba gishiri.

Ki zo Babbar Sallah, ke da yaran. Da na ce mata zan rubuta wa Nani, ta ce, "Mai surutun nan?" Har yanzu tana da ke. Kada ki bari sai hutun Disamba.

Yayarki,
Zabedah